Gurguwar Magen da Na Bar wa Kaka

Har gobe ba na iya ratsa layin masu kifi a kasuwar Tarauni ban ɗauke numfashi ba. Ba ƙyama ba ce, ni da aka yaye da miyar kuka mai banda ina ni ina ƙyamar kifi. Ƙamshin bandar ne yake ɗaukata ya dire ni a tsakar gidanmu na Gyaɗi-Gyaɗi, in ga kaina ina 'yar shekara tara, ina marmasa kan kifi a murfin kwano, wata 'yar mage tana jan jiki tana nufo ni. Daga nan sai Kaka ta faɗo mini a rai, in dawo gida da cefane rabi da rabi.

Kaka ita ce mahaifiyar Babanmu, kuma sunanta aka sa mini. Shi ya sa babu mai kiran sunana na yanka a gidan, kowa da yadda yake kewaye shi, ita kuwa Takwara take ce mini. A ɗakinta nake kwana, a kwanonta nake ci, in na yi ɓarna bayanta nake ɓuya. Na yarda da matar nan yarda irin ta yaro, wadda ba ta da ƙofar baya. Da za ta ce mini gobe rana daga yamma za ta fito, da can zan juya in jira ta.

Da damina na tsinci magen. Muna dawowa daga Islamiyya, ruwa ya ɗauke bai daɗe ba, na ji wani siririn kuka daga cikin kwata. Na leƙa na gan ta, ba ta fi tafin hannun babba ba, ta maƙale da ƙafafun gaba a jikin wani dutse, na bayan kuma ruwa yana wasa da su kamar tsumma. Lokacin acaɓa ne ke mulkin titi, kuma ga dukkan alamu wani ne ya bi ta kan ƙugunta. Na naɗe ta a hijabina na kawo gida. Umma ta ga hijabin ta yi salati. Baba ya dube ni ya dubi abin da na riƙo, ya ce tsintacciyar mage ba ta mage, balle tsintacciya kuma gurguwa, in mayar da ita inda na ɗauko.

Kaka ce ta tare. Tana zaune a bakin ƙofarta tana jan carbi, ba ta ko ɗaga murya ba. Ta tuna musu matar nan da malamai ke faɗa a wa'azi, wadda ta shiga wuta saboda mage: ta ɗaure ta, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abin da za ta ci ba. Ta ce ita ba za a ɗauki alhakin dabba a gidan da take kwana ba. Baba ya sa takalminsa ya fita, magana ta ƙare. A ranar da a ce ana yanka zuciya a raba, da na ba Kaka rabi mai tsoka.

Kwana biyu magen tana shan madara, amma cikinta sai kumbura yake yi, kukanta kuma ya canja. Akwai wata nas da ke haya a ɗakin da ke kusa da zaurenmu, tana aiki a babban asibiti, Anti Nas muke ce mata. Ta dawo daga aiki ko farin kayanta ba ta cire ba na tare ta da magen. Ta ce ita ba likitar dabbobi ba ce, amma ta tsuguna ta tattaɓa. Ta ce bayan ya karye, kuma ba ƙafafu kaɗai ya tafi da su ba, har fitsari ba za ta iya yi da kanta ba, sai in mara ta cika ta batse ya riƙa ɗiga. Ta kama hannuna ta ɗora a ƙasan cikin, na ji wani abu mai tauri kamar lemon tsami. Ta nuna mini yadda zan riƙe shi tsakanin babban yatsa da sauran, in matsa a hankali ba tare da na saki ba, har sai ya fita duka a bakin rariya.

“Sau uku kullum,” in ji ta. “Abinci ko kin makara za ta jira ki. Wannan kuwa in kika bar ta kwana biyu, mutuwa za ta yi, kuma mutuwar wahala.”

Kaka tana wurin aka yi wannan magana. Ita ce ma ta riƙe butar da muka wanke hannu.

Haka rayuwata ta koma bin agogon marar mage. Bayan sallar asuba in matse ta kafin in sa kayan makaranta, in na dawo daga boko in matse ta kafin in ci abinci, sannan kafin magariba. Da yake a kan siminti take jan ƙafafunta, fatar ta fara salewa, sai na riƙa sa mata tsofaffin safa na makaranta, in shafa mata man kaɗanya. Safa ɗaya ba ta yin mako. Na sha duka a kan safar yayana da na yanke, ban kuma tuba ba. Kaka ta raɗa mata suna Gimbiya, wai don ita kaɗai ce a gidan ake kaiwa bayan gida a hannu. In ta sayi banda sai ta cire kawunan ta ajiye mini a gefen murhu, tana tsokanata cewa ni da 'yata mun cinye mata jari.

Kuma magen ta rayu. Ta yi ƙiba, gashinta ya kwanta, ƙafafunta na gaba suka yi ƙarfi har in ta ji motsin murfin kwano sai ta riga kaji isowa. Ɓera dai ba ta taɓa kamawa ba, a nan Baba ya yi gaskiya. Amma ta san sautin takalmina tun daga zaure, kuma a duniya ban taɓa samun wanda ya dogara da ni haka ba.

Da bazara abin ya fara lalacewa. Anti Nas ta yi aure ta tare a Unguwar Gano. Zafi ya sauko, komai wankin da na yi sai zarni ya tashi a tsakar gida. Gimbiya kuma ta gano cewa ɗakin Kaka ya fi ko'ina sanyi, saboda randar ƙasa da ke bayan ƙofa. Sau biyu ana samun ɗigon fitsari a kan daddumar sallah. Kaka mace ce mai tsantseni a kan tsarki, wadda in kaza ta taka tabarmarta sai an wanke. Na ga ta sake sallar azahar rannan, ta wanke daddumar da kanta ta shanya, ba ta ce mini komai ba. Ni kuwa da wautar yaro na ɗauka shirun haƙuri ne.

Ana cikin haka Goggo, ƙanwar Baba da ke aure a Darmanawa, ta haihu. Aka ce ni zan je in zauna mata har suna, in riƙa miƙo wannan in kai wancan, tunda ana hutu. Na ce sai dai in tafi da Gimbiya a kwali. Umma ta ce ba a kai mage ɗakin mai jego. Na sa kuka na ce to ba inda za ni. Sai Kaka ta kira ni ɗaki, ta ce in nuna mata yadda ake yi. Na ɗora hannunta a marar kamar yadda aka ɗora nawa, ta matsa, fitsarin ya fita, har muka yi dariya. Na jera mata safa uku wankakku a kan akwatinta.

“Je ki abinki, Takwara,” ta ce. “Amana ce kika ba ni. Yadda kika bar ta haka za ki same ta.”

Kwana bakwai na yi. Ranar da na dawo na shigo zaure ina buga takalmi da gangan, ban ji jan jiki a kan siminti ba. Kaka ta zaunar da ni a cinyarta, ni da na wuce zama a cinya. Ta ce kwana ya ƙare. Ta ce ranar ta huɗu ta matse ta da safe lafiya lau, ta ci kifinta, ta kwanta a gindin randa, ba ta farka ba. Ta kai ni bayan ɗaki gindin wani ɗan zogale, ta nuna mini inda ƙasa ta ɗan tashi, ta ce nan ta sa aka binne ta cikin tsumma mai tsabta. Na yi kuka har na yi zazzaɓi, amma ko sau ɗaya ban zarge ta ba. Godiya ma na yi mata.

Shekaru na yi ina ba zogalen nan ruwa. In na manta, Kaka ce ke tuna mini, ta ce Takwara, yau ba ki gai da Gimbiya ba. Ya girma ya wuce katanga, aka riƙa tsinkar ganyensa ana kwaɗo, ni ban taɓa ci ba. Sanadin magen nan na karanci aikin jinya. Duk wanda ya tambaye ni dalili, labarin da nake ba shi ke nan, in ƙare da yabon kakata mai tausayin dabba.

Ina shekara ta biyu da fara aiki Kaka ta rasu. Ranar addu'ar uku, bayan baƙi sun ragu da yamma, 'yan gida muka zauna a tsakar gida kowa yana faɗin alherinta. Sai Baffa, ƙanen Babanmu, wanda a da yake acaɓa, ya gyara zama ya ce shi ba zai manta da tausayinta ba. Ya juyo gare ni yana murmushi.

“Kin tuna gurguwar magenki? Ai ni na ce a kawo in gama da ita kawai ta huta. Inna ta ce a'a, ba a kashe mage, alhaki gare ta. Ita ta samo buhu da kanta, ta zuba mata kan kifi a ciki don kada ta ji yunwa, ta ce in kai ta Unguwa Uku wajen tasha, inda masu abinci suke, in sake ta. Kina fita da safe, ko azahar ba a yi ba na kai ta.”

Aka ce Allahu akbar, Allah ya jiƙan Inna. Umma ta sunkuyar da kai tana gyaran bakin zani, a nan na gane ta sani. Na tambayi Baffa me aka binne a gindin zogale, ya yi dariya ya ce ƙasa ce ya tara da shebur, don hankalina ya kwanta.

Haka ake yi a unguwarmu, kowa ya sani. Magen da ta dami gida ba a kashe ta, a buhu ake sa ta a kai ta nesa yadda ba za ta gane hanya ba, a dawo da hannu mai tsabta. Lafiyayyar mage takan samu wani gidan ko wata bola. Na tabbata da wannan lissafin Kaka ta kwanta ta yi barci: ba ta ɗaure ba, ba ta hana abinci ba, ta sake ta kamar yadda aka ce. Amma Kaka ta ji abin da Anti Nas ta faɗa. Hannunta ya taɓa marar nan. Ni kuma a lokacin da Baffa yake magana na riga na ga abin da riƙewar fitsari ke yi wa babban mutum mai bakin faɗin inda ke masa ciwo. Na san yadda kwana biyun nan suka kasance a bakin tasha, cikin zafin bazara, da kan kifi a gabanta. A daidai lokacin ina Darmanawa ina wanke kwanukan mai jego, ina ɓoye mata ƙashin kaza a leda.

Na ji haushin Baffa, na ji na Umma, amma nasu mai sauƙi ne, domin ba su yi mini alkawari ba. Kaka ce ta ci amanata. Kuma ba yasar da magen ne ya fi ci mini rai ba, tsohuwa ce mai tsoron najasa a kan abin sallarta, wannan ina iya fahimta. Abin da na kasa haɗiyewa shi ne yadda ta miƙo hannu na koya mata, alhali buhun yana ajiye. Da kuma shekarun da ta yi tana miƙo mini buta in je in shayar da tulin ƙasa.

Yanzu gidan ya canja. An sare zogalen an fitar da shago ta wajen, tsakar gidan an shimfiɗa tayil, randar ƙasa ta ba firji wuri. 'Yan matan da muke aiki da su suna kiwon mage a ɗaki, su kai ta asibitin dabbobi, su nuna mini hotonta a waya, in ce ma sha Allah in wuce. Ni ban sake kiwon ko kaza ba. A wurin aiki an san ni da tsanani wajen miƙa marasa lafiya in zan tashi: sai na faɗa, na rubuta, na sa an maimaita mini, in na isa gida kuma in bugo waya. Suna ce mini mai naci, ban taɓa gaya musu dalili ba.

Ina yi wa Kaka addu'a bayan kowace sallah, domin hakkinta ne, kuma sunanta nake amsawa. Mutane suna cewa a yafe wa mamaci, na kuma sha cewa na yafe. Sai in shiga layin masu kifi in tarar maganar tana nan inda na bar ta. Abu ɗaya kawai nake so da ta yi. Da ta dube ni rannan ta ce, Takwara, ba zan iya ba, da na sa Gimbiya a kwali na ɗora a kai, ko za a yi mini dukan mutuwa. Daga Gyaɗi-Gyaɗi zuwa Darmanawa ai ko a ƙafa ana zuwa.