Sitiyarin da Ya Rasa Motarsa

Shekaruna saba'in da ɗaya a duniya, kuma yau shekara goma sha biyu ke nan da rasuwar maigidana da ya koya mini sana'a, dattijon makanikin nan na Gyaɗi-Gyaɗi. Jiya ina gyara ɗaki hannuna ya faɗa kan sitiyarinsa. Har yanzu katakonsa yana ƙanshin baƙin mai da turaren miski.

Ya ƙare rayuwarsa yana mayar da wata tsohuwar motar tsere siffarta ta asali, irin wadda ake zare wa sitiyari domin direba ya samu shiga. Bai yarda ko ƙusa ɗaya ta zamani ta hau jikinta ba. Idan zai tafi masallaci, sai ya zare sitiyarin ya rataya a kafaɗa. Iliya mai walda yakan ce, "Baba, har liman za ka tuƙa?"

Da ciwo ya kwantar da shi, ya ɗora mini sitiyarin a cinya, ya ce, "Riƙe. Ranar da ta tashi, kai za ka fara janta."

Ba ta tashi ba. Magada suka sallamar da ita ga 'yan gwangwan, masu sayen tsohon ƙarfe a kan sikeli. Na bi sawunta zuwa Tarauni da sitiyarin a hannu, na tarar ana yanka ta da wuta. Wani ya dube ni ya ce, "Alhaji, katako ba ya hawa sikeli."

Allah Ya haskaka kabarinsa, Ya ba shi abin hawa wanda ba a yankawa. Ranar da aka yanka motar, Iliya yana tsaye wajen, da Malam Sabo mai fenti; su ne shaiduna.