Fedar Hagun Malam Othniel

Duk wanda ya zauna a Samaru wajen shekarar 2005 ya san Malam Othniel, ko da bai san sunansa ba. Shi ne dogon mutumin nan da ke wucewa ƙarfe bakwai saura kwata a kan siririn keken tsere, kai a ƙasa, ƙafar wando ɗaure da roba. Ni ne Shehu mai gyaran keke, rumfata na bakin titi kusa da kasuwa. Shekara goma sha biyar kekensa na hannuna, don haka abin da zan faɗa ba ji na yi a bakin wani ba.

A Sabon Gari aka haife shi. Babansa mutumin Zonkwa ne, ma'aikacin reluwe, kuma abin da ya bar masa gado shi ne tsohon keke da son hawansa. Othniel ya sami aiki a wani ɗakin gwaje-gwaje a Samaru, yana wanke kwalabe yana auna sinadarai, amma bai taɓa tashi daga Sabon Gari ba. Kullum a keke yake zuwa, a keke yake komawa, ko ruwa ake kamar da bakin ƙwarya. Ranar Lahadi in an tashi daga coci, sai ya miƙe hanyar Giwa shi kaɗai. Wallahi na ga ƙafafu a wannan sana'a, amma ban ga irin nasa ba.

Buri ɗaya gare shi: ya sa rigar jiha a tseren keke. Duk shekara ana gwajin zaɓe, mutum uku ake ɗauka. Sau huɗu yana shiga, sau huɗu ana fin sa da ɗan abin da bai kai tsawon rumfata ba. A 2006 ya cika shekara talatin da tara, ya kuma yi wa matarsa Keziya alkawari a gaban fasto cewa wannan ne na ƙarshe, ko an ɗauke shi ko ba a ɗauke shi ba. Othniel kuwa in ya ce ya daina, ya daina.

Aikin aune-aune ne ya shiga jininsa. Ya yanke cewa ba ƙarfi ya rasa ba, nauyin keke ne ke cutarsa. Sai ya shiga rage shi. Ya cire madigadi, ya cire ƙararrawa, ya yanke guntun ƙarfen sirdi, har fenti ya kankare. Kowane abu ya cire sai ya ɗora a sikelin da Keziya ke auna fulawar cincin. Ita ce ta zo ta ba ni labari tana dariya: "Malam Shehu, ka yi wa Baban Jemimah magana. Jiya man giris na tarar a sikelina!"

Wata rana ya zo rumfata da tsohuwar mujallar keke da ya tsinta wajen masu sayar da littattafai a unguwar PZ, da wani guntun ƙarfe mai ruwan toka naɗe a hankici. Wani malami da ya dawo daga karatu a waje ne ya kawo masa ƙarfen. Othniel ya ce sunan ƙarfen titaniyom, ƙarfi kamar na ƙarfenmu amma nauyi kusan rabi. So yake a sassaƙa masa sandar feda da shi, wato ƙarfen nan na tsakiya da feda ke juyawa a kai, a cire na asali.

Na ce, "To nawa za ka rage?"

Ya ce, "Giram sittin, Malam Shehu. Duka biyun."

Na ce, "Sittin? Nauyin ƙwai ɗaya fa ke nan!"

Ni mutum ne mai baki, ban taɓa ɓoyewa ba. Maimakon in tsaya a nan, sai na ƙwala wa 'yan acaɓan da ke hutawa a gefe kira. "Ku zo ku ji! Malam zai ci tsere da ƙwai ɗaya! Ranka ya daɗe, ka rage loma biyu a tuwon Keziya mana, ka huta!" Aka yi ta shewa, har da mai rake. Othniel ya yi murmushi, ya naɗe ƙarfensa a hankici, ya ce sai an jima. Daga ranar bai sake tsayawa a rumfata ba, sai dai ya ɗaga mini hannu ya wuce.

Abin da ya biyo baya, daga bakinsa na ji shi daga baya. Othniel ya san komai a jikin kekensa ban da feda, domin siririyar sifana take buƙata, kuma ni ke da ita, ni nake kwance masa tun fil azal. Da ya yi fushi da ni sai ya goge wata sifana a dutse har ta shiga. Fedar dama ta kwance salin alin. Ta hagu ta ƙi. Ya yi ta murɗawa, ya sa mai, ya taka da ƙafa, ko motsi. Sai ya ce tsatsa ce.

Ba tsatsa ba ce. Duk wanda ya yi wata guda a rumfar keke ya san zaren fedar hagu, wato tsagin da ake murɗa ta a kai, a juye yake. Inda kake murɗawa ka kwance ta dama, nan kake murɗawa ka ɗaure ta hagu. Da gangan aka yi shi haka, don tuƙi ya riƙa ƙara mata ɗauri. In aka yi mata zare irin na dama, kowane juyi kwance ta yake yi kaɗan-kaɗan. Bawan Allah ƙara ɗaure ta yake ta yi bai sani ba.

Ya kwashi keken ya kai unguwar Chikaji wurin Baba Abiodun, mai injin sassaƙa ƙarfe. Gwani ne, ba na rage masa komai, amma aikinsa injin niƙa ne da kayan mota, keke bai taɓa shiga shagonsa ba. Othniel ya miƙa masa sandar dama ya ce a yi biyu irinta. Ta hagun da ta maƙale kuwa, Baba ya huda ta ya fitar, zaren asali ya tafi da ita, ya sa sabon ƙarfe a ramin ya yanka zare daidai da na dama. Aikin ya yi kyau, sai sheƙi yake. Saura kwana biyu gwaji aka gama, Othniel ya ɗaure tamau, ya zaga Sabon Gari sau ɗaya, ya ji lafiya lau.

Ranar Asabar aka tashi daga Samaru zuwa Giwa a dawo. Na rufe rumfa na je wurin ƙarewa, don duk da tsiyar da na yi masa ina son mutumin nan har raina. Keziya na can da kwalbar ruwa. Wani ɗan acaɓa da ya bi su ya dawo a guje yana ihu: "Malam ne na biyu! Sun juyo, Malam ne na biyu!" Na yi tsalle kamar yaro, ni da furfurata.

Na farko ya shigo. Na biyu ya shigo, ba shi ba ne. Na uku ma ba shi ba ne. Keziya ta matsa bakin titi tana leƙe.

Can sai ga shi. Tun daga nesa na ga tafiyar ba daidai take ba, keken na karkata yana miƙewa. Da ya matso na gane: ƙafar hagu a rataye take a iska, babu feda. Ƙafar dama ce kaɗai ɗaure a madaurin feda, yana dannawa yana jawowa, yana dannawa yana jawowa. Tun daga Shika, a hanyar dawowa, fedar ta fice, ta zubar da shi a gefen titi, gwiwa da gwiwar hannu duk jini. Ya tashi, ya tsinci fedar ya cusa a aljihun riga, ya hau. Da ƙafa ɗaya ya ƙaraso, kuma a hakan mutum goma sha ɗaya ya bari a baya. Shi ne na shida. Jama'a suka yi ta tafi har masu zaɓen suka miƙe tsaye, amma mutum uku suka rubuta kamar kullum.

Ya zauna a bakin kwalbati, Keziya na wanke masa gwiwa. Na je na tsuguna, na ce ya ba ni fedar. Ina juya sandar a hannuna na ga zaren, sai na gane komai. Kallo ɗaya ne. Da ya kawo mini ko da a kan hanyarsa ta zuwa aiki, kallo ɗaya ya isa.

Na ce, "Malam, zaren hagu ai a juye ake yin sa. Haba! Me ya hana ka kawo mini in duba?"

Ya daɗe yana kallon sandar kafin ya gane abin da nake nufi. Bai ɗaga murya ba, ba halinsa ba ne. Ya ce, "Na so in kawo, Malam Shehu. Sau biyu ina rage gudu a gaban rumfarka. Sai in ga mutane a zaune."

Kunya ta kama ni, irin wadda ban taɓa ji ba. Keziya ta ɗaure masa gwiwar da ɗankwalinta, ta ce, "Baban Jemimah, mu je gida." Ya miƙe da ƙyar, ya dafa kafaɗarta. Ni na turo masa keken a bayansu har bakin tasha.