Ranar da Na Zama Kunnen Maƙwabciyata

A shekarata ta uku a jami'a a ƙasar Sin na bar ɗakin kwanan ɗalibai, na kama haya a unguwar Dengfeng, saman wani shagon waya. Ƙofata na kallon ta wata 'yar Maraɗi, doguwa, baƙa, mai wushirya. Tun kafin in kwance kaya matan gidan suka cika min kunne: wai hotonta ake bugawa a mujallun kwalliya, kuma wai ba a nan abin ya tsaya ba. Ni ma ban yarda da ita ba. Takan fita da safe tana jan akwati, ta dawo da yamma fuska duk hoda, ba ta cewa kowa ga inda ta je.

Wata Asabar ta ƙwanƙwasa min ƙofa.

"Ƙanwata, an ce kina jin Sinanci sosai. Ki raka ni aiki unguwar Tianhe. Amma in mun je ki zama kurma, ko gaisuwarsu kar ki amsa."

"Yaya, wane irin aiki ne?"

"Wanda ake ba ki labari," ta ce, ko murmushi babu.

Na bi ta, amma sai da na tura wa wata ƙawata adireshin wurin. A jirgin ƙasa ina ta satar kallon akwatin nan, ina saƙa abin da ke ciki.

Wurin yana can saman wani dogon bene, farin bango da manyan fitilu. Dogayen rigunan biki masu duwatsu aka jera mata. Kafin ta cire ko mayafi ta ja ni ɗakin canza kaya, ta kashe wuta, ta haska kowane lungu da wayarta, ta rufe madubi da zani. Aka kawo mata shayi, ta yi godiya ta ajiye, ta ciro gorar ruwanta. A akwatin ba komai sai takalma, kayan shafa da dadduma.

"Duk wanda ya cika yabonki a sana'ar nan, ki sa masa ido," ta raɗa min.

Tana tsayawa gaban kyamara ta koma wata daban. Ta ɗaga haɓa, ta karya wuya, dariya na zubo mata kamar an buɗe famfo. Ni ina gefe ina danna waya, kunnena na wurin mai ɗaukar hoton da shugabar wurin, wadda suke kira laoban. Yawanci zancen haske suke. Can na ji matar ta ce masa ya ɗauki fuskar kusa-kusa, akwai mai sayar da man bilicin da ke son hoton kafin a shafa; na bayan an shafa kuwa, su za su haskaka shi a kwamfuta.

Da aka tafi hutu na matsa kamar ina gyara mata ɗan kunne, na faɗa mata.

Ba ta ɗaga murya ba. Ta koma ta gama da rigunan, sai dai duk sanda mutumin ya matso sai ta kawar da kai, ko ta tare kumatu da hannu kamar salo ne. Da shugabar ta fito fili ta nemi a ɗauki fuskar, maƙwabciyar tawa ta ce mata "meiyou", wato babu, tana murmushi.

Na ɗauka daga nan mun zama ɗaya. A hanyar gida ta saya mana tsire wurin wani Musulmin ƙasar, muna ci muna hira. Sai ta tsaya da tauna, ta dube ni.

"Wa kike ta tura wa saƙo ina aiki?"

"Ƙawata ce, Yaya."

"Kawo wayar."

Na miƙa mata raina a ɓace. Ta bi hotunan ɗaya bayan ɗaya, har na bikin yayata, sannan ta mayar min.

"Kar ki ji haushi. Wadda ta fara tura hotona Maraɗi, kwano ɗaya muke ci da ita. Har yau mahaifiyata ba ta ɗaga wayata."

Tsiren ma ya fita raina.

Na sake raka ta sau ɗaya, ta sake duba wayar, daga nan na fake da jarrabawa. Da damina ta tashi daga gidan ina makaranta. Na tambayi mai gidan inda ta koma, ya ce shi ma ba ta faɗa masa ba.