Ƙwan Zabi a Ƙwaryar Iya

A gidanmu na Limancin Kona komai da lokacinsa. A yi magariba, a ci tuwo, a wanke hannu, sannan Iya, kakarmu, ta zauna bakin murhu ta jera masara a kan garwashi.

Wata damina, ina aji huɗu, Baba ya kwanta jinya, likita ya ce a riƙa ba shi ƙwai. Aka aike ni wurin wata Bafulatana mai kawo ƙwan zabi Ƙofar Jatau. Na ɗaga wannan, na girgiza wancan, na kasa gane mai kyau. Tsoron kai wa marar lafiya baragurbi ya sa na dawo ban sayi ko ɗaya ba. Inna, mahaifiyarmu, ta ce ba za a ƙara aikena ba.

Da muka taru, Iya ta harare ni. "Ga angon nawa, ya je cefane ya dawo da kwano wayam. To, ga ta nan gare ku."

"Ta zo mu saurara."

Wai wata tsohuwa ce ta aiki jikokinta biyu sayen ƙwai. Babbar ta ce idonta ya ishe ta, ta cika ƙwarya ba tambaya. Da aka fasa, wari ya kori har akuyar gidan. Ƙaramar kuwa ta yi ta juya ƙwai tana "anya, anya" har kasuwa ta watse.

"Wacce ta fi?" in ji Iya.

Yayata Hadiza ta ce babbar, ko ba komai ta kawo wani abu.

"Ta kawo wari. Duk biyun da yunwa suka kwana."

Sai ta sa aka kawo ruwa a ƙwarya, ta ce in duba da kyau, ta saka ƙwai biyu da ta aro a maƙwabta. Ɗaya ya nutse, ɗaya ya taso. "Wanda ya nutse, saya. Wanda ya taso, bar wa mai shi. Gobe kai za ka koma."

Na koma da ƙwaryata, na zaɓi shida, duk sun nutse. A gida biyar suka yi kyau, na shida ya lalace. Na je wa Iya ina huci: "Ai kin ce in ya nutse shi ke nan!"

"Ubanka ya ci ko bai ci ba?"

"Ya ci."

"To, ruwa ya faɗi iya abin da ya sani. Shi ya sa ake fasa kowane ƙwai a ƙoƙo daban kafin a zuba a kasko."

Da na girma na yi aikin duba-gari, ina duba nama a mahauta. A nan na tsara wa kaina maganarta: da farko ka yi shakka, na biyu ka gwada, na uku ka yanke hukunci, domin mutane na jira su ci abinci. Na huɗun ne ya fi ba ni wuya, wato bayan na buga wa nama hatimi, mahauci ya kira ni ya ce, "Malam, dawo ka sake duba hantar nan," in kuma dawo.