Yashin da Ya Mayar wa Habu Tafiya

Wata ranar Lahadi a farkon kaka, shekarar da na shiga aji huɗu a lakwal, ƙanena Habu ya taka tsidau a gindin rumbunmu na Dogon Dutsi. Bai daɗe da fara tafiya ba, irin tafiyar nan ta ɗaga hannuwa sama kamar mai rawa, yana bin 'yan tsaki. Inna ta cire masa ƙayar, ta hura wurin, ta ba shi nono ya yi barci, muka ɗauka magana ta ƙare. Da ya farka aka tsayar da shi, sai ya naɗe ƙafafunsa ya ƙi sauke su. Washegari haka, jibi ma haka. In an ajiye shi kan tabarma zai zauna lafiya yana wasa da ludayi, amma ko da rarrafe ba ya ƙetare bakinta.

Nan da nan zance ya zaga unguwa. Wata maƙwabciyarmu ta ce a bincika, kada iska ce ta taɓa shi. Ɗan baffanmu mai shago, wanda ba ya son jin irin wannan magana, ya ce addu'a ta wadatar. Kakarmu ta saurare su duka tana ɓarar gyaɗa, sannan ta ce, "Wanga yaro tsoro ya ka ji. A samo mishi ƙasa mai taushi, ƙahwa za ta manta."

Ni aka ɗora wa neman wurin, domin ni ke goyon sa bayan lakwal, kuma an san in aka ba ni tsintar shinkafa ba a tauna tsakuwa. Ban cika magana ba, kunyar tambayar mutane nake ji, don haka na tambayi ƙasar da kanta. Duk inda na je sai in tuɓe takalma in taka da tafin ƙafa. Filin lakwal ɗinmu yashi ne, amma awaki sun kwaso masa karangiya, ga manyan yara da ƙwallonsu. Gindin dutsi akwai inuwa da yamma, sai dai jar tsakuwarsa kaifi gare ta. Bakin tabki ya fi ko'ina laushi, amma da na ambace shi Inna ta ce ko da wasa kada in kai mata ɗa kusa da ruwa. Na sa rai da wani babban gawo, na shiga ƙarƙashinsa da murna, na fito ina ɗingishi. Kullum da la'asar sai in dawo ina tsintar karangiya daga zanena, yayata tana dariya tana kira na "injiniyar ƙasa".

A bayan garkar kawunmu, wato lambunsa da ke kan hanyar Kiyeshe, na sami abin da nake nema. Busasshiyar ƙorama ce da ruwan damina ya wanke, tsakiyarta farin yashi ba ko ciyawa ɗaya, ga reshen mangwaro ya leƙo ta kan shinge ya yi mata inuwa. Na taka ta daga gefe zuwa gefe, na sake takawa, ban ji komai ba sai sanyi.

Lahadin da ta biyo baya gidanmu duka ya tashi. Baba ya aro amalanken jaki, Inna ta dama fura, Kaka ta hau da tabarmarta tana cewa tun aurenta ba a fita da ita shan iska ba. Da aka sauke Habu kan yashin ya naɗe ƙafafu kamar kullum. Ban matsa masa ba. Na zaunar da shi kan cinyata, na tono yashi mai damshi na tara kan ƙafarsa, na daddaɓe, na zare ta a hankali, sai ga ɗan ɗaki da ƙofarsa. Ya duba, ya sa dunduniya ya rushe shi, ya ƙyalƙyale da dariya. Sai na matsa gaba na gina wani da tawa ƙafar, na ƙara matsawa na gina wani. Ya miƙa hannu bai kai ba. Ya dube ni, ya dubi ɗakunan, ya dafa gwiwar Inna ya miƙe. Haka ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana rushewa, hannuwa sama. Kaka ta miƙo mini ludayin fura kafin kowa.

Yanzu ina karatu a Yamai, inda ake da wuraren wasan yara masu shinge da lilo da fenti kala-kala. Kwanan baya na kai ɗiyar yayata ɗaya daga cikinsu, ban ankara ba sai na ga na tuɓe takalma ina taka wurin, mai gadi yana kallona. Habu ya zama dogo, ɗan ƙwallo, kuma ya rantse wannan labari ƙage ne. Ƙoramar kuwa masu gini sun kwashe yashinta, gidaje sun kusa cimma garkar. Kaka ta yi gaskiya a kan Habu. Tawa ƙafar ce har yau ba ta manta ba.