Kumfar Iska a Jijiyar Kai

Har gobe ba zan manta da wata ranar Laraba cikin damina ba, lokacin ina ɗaukar hoton kai da injin sikanin a wani asibiti a nan Jos. Nawa ɗauka ne kawai, karantawa aikin likitan hoto ne.

Aka kawo Mama Rifkatu, mai sayar da dankali a Tina Junction, keke ya buge ta, kanta ya daki kwalta. Tana magana sarai, har tana yi mini faɗa wai ɗakina ya fi garin sanyi. Da hoton ya fito sai na ga baƙaƙen ɗigo a bayan idanunta, cikin jijiyoyin da ke mayar da jini daga kai zuwa zuciya. Iska ce. Gabana ya faɗi, domin ga wanda ya bugu, iska a cikin kai tana iya nufin ƙashi ya tsage, wani lokaci har sai an yi tiyata. 'Yarta Ladi na bakin ƙofa, tana ganin fuskata ta fara kuka.

Oga, babbar likitar hoto, ta zo ta bi ƙashin a tsanake. Ba tsaga, ba jini, ba alamar ƙwayar cuta. Sai ta tambayi Ladi ko an ƙara wa Mama ruwa, kuma a kwance ko a zaune. Ladi ta ce an ƙara, amma Mama ta ƙi kwanciya ƙememe, wai 'yar kasuwa ba ta kwanciyar rana.

"To, Malam Sani, ga hanyar," in ji oga. "Kumfa kaɗan ta bi robar ruwan ta shiga jijiyar hannu. Mutum na zaune, iska kuwa sama take nema, sai ta hau ta wuya."

Duk da haka oga ba ta sallami Mama ba, ta ce a kwantar da ita a sa ido. Washegari na sake ɗaukar hoton. Ko ɗigo ɗaya babu. Jini ya shanye iskar, ba wuƙa ba magani. Na daɗe ina kallon allon ina tasbihi.

Abin da na koya ke nan: ɗigo iri ɗaya kan kai wani ɗakin tiyata, ya bar wani ya tafi gida, kuma injin bai san bambanci ba sai an tambayi mutane. Da na fita na ce wa Ladi ba tiyata, sai ta zauna a ƙasa ta rufe fuska da zani.