Ɗan Azumi da Kalmar Daidai

Ɗan Azumi manomi ne a Madarounfa, mutum mai taurin kai kamar turmi. Arzikinsa duka fadama ce da ya gada wurin ubansa a bakin tafki, inda yake noman rogo da tumatir in rani ya yi. Ba a daɗe da samun mulkin kai ba wani babban ɗan jam'iyya ya sa aka ƙwace ta, ya ba wani surukinsa.

Lawali, direban kamyon da ke kai gyaɗa garin Ɗan Issa, shi ya hura mishi wuta. "Kai, Ɗan Azumi! Kundin tsarin mulki ya ce duk 'yan ƙasa daidai suke. A rediyo na ji da kunnena."

Shi ke nan fa, bawan Allah ya riƙe kalmar nan gam. Kotu kuwa bai taɓa ganin ƙofarta ba, sai ya nufi zauren mai gari.

"Ranka ya daɗe, kundi ya ce daidai muke."

Mai gari ya gyara zama. "Gaskiya ne, Ɗan Azumi. Kowa da abin da ke daidai da shi. Fadamar nan ta fi ƙarfinka, tudu shi ne daidai da kai."

Fadawa suka ce, "Daidai ne!" Wayyo, da kalmarsa aka yanka shi.

Ya je biron sufurefe, wato ofishin mai mulkin gunduma, tafinta ya ce ai wannan daidai ta mutanen Yamai ce, ba ta iso nan ba tukuna. Haka ya yi ta yawo shekara da shekaru, har yara suka laƙa mishi suna Daidai.

Sai fari ya zo. Gero ya ƙone a tudu, fadama kuwa shar. Matarsa Indo ta kwashi 'ya'ya ta tsallaka Najeriya neman abinci, ba ta dawo ba.

Da soja suka karɓi mulki ya sake komawa biro, zuciyarsa cike da fata. Gardin da ke tsaron ƙofa ya ce, "Baba, wane kundi? Ai an rataye shi."

"Ina aka rataye shi, ɗana? In je in roƙa a sauko da shi."

Gardi ya yi dariya har da hawaye.

Abin da ban tausayi, jama'a. Da ranin nan Ɗan Azumi ya je ya durƙusa gaban surukin nan yana neman ƙodago, aka ɗauke shi ban ruwa a fadamar ubansa. A can ya ƙare kwanakinsa.